"Impeach" ba tsigewa ba ce

Da zarar majalisa ta fara wasa wuƙa a kan wani gwamna ko mataimakinsa, sai kalmar "impeach" ta cika gidajen rediyo da Facebook, kuma kusan kowa da tsigewa yake fassara ta. A Turanci kuwa ma'anarta tuhuma: majalisa ta ce wa mai mulki ga laifin da muke zarginka da shi, zo ka kare kanka. Sauke shi daga kujera mataki ne na daban, wanda sau da yawa ma ba a kaiwa gare shi.

Ku dubi Donald Trump. A Disambar 2019 Majalisar Wakilan Amurka ta yi masa "impeach", nan take aka baza labari a Hausa cewa an tsige Trump. Gari ya waye mutumin yana ofishinsa yana sa hannu a takardu. Majalisar Dattawa ce ke zaman shari'ar, kuma sai kashi biyu bisa uku sun same shi da laifi, wato sanatoci 67 cikin 100 idan kowa ya halarta. Ta wanke shi a Fabrairun 2020. Aka sake tuhumarsa a Janairun 2021, sanatoci 57 suka ce ya yi laifi, ba su kai ba. Haka Andrew Johnson a 1868, haka Bill Clinton a 1998. Har yau babu shugaban Amurka da aka taɓa saukewa ta wannan hanya. Nixon murabus ya yi a 1974 tun kafin a kaɗa ƙuri'a.

Asalin kalmar ma ya nuna haka. Daga Latin ta fito, "impedicare", wato ɗaure ƙafa. Ta biyo ta Faransanci, inda har yau "empêcher" ke nufin hanawa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Dabaibayi ke nan, ba yanka ba.

Amma ban cika ganin laifin masu fassara ba, 'yan siyasarmu ne suka lalata kalmar. Tun da majalisar Kaduna ta sauke Balarabe Musa a 1981, aka saba da cewa in an fara, to an riga an gama. Alhali sashe na 188 na tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa doguwar hanya: kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku su amince a bincika, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sannan a sake ƙuri'a. Masu gaggawa kan tsallake rabin wannan. Shi ya sa kotu ta rushe tsige Rashidi Ladoja na Oyo a 2006, bayan wasu 'yan majalisa sun fara shirin a ɗakin otal, ta kuma mayar da Peter Obi kujerarsa ta Anambra a 2007.