Tambayoyin da sababbin koci suke ta maimaita mini kan natsuwa

Na daɗe ina zama da mutanen da aiki ko rayuwa ta sha wa kai, kuma duk sabon da ya shigo wannan sana'a ta koci, wato mai zama da mutum yana taimaka masa ya shawo kan al'amuransa, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. Na gaji da maimaitawa. Ku karanta kafin ku sake tambayata.

In ce wa wanda ya zo wurina a rikice ya kwantar da hankalinsa?

A'a. Da zai iya, da bai zo wurinka ba.

To da me zan fara?

Da kanka. Wanda ya shigo a rikice fuskarka da muryarka yake fara karantawa kafin maganarka ta shiga kunnensa. Kana leƙen agogo, kana katse shi, kana zuba shawara kamar ruwan sama, sannan ka ce ya ƙi natsuwa? Ku daina fita daga wannan zama ku faɗa wancan ba tare da ko minti biyar a tsakani ba. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai.

Da gaske numfashi yana aiki?

Yana yi. Idan jiki ya ji barazana sai ya saki sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya yi bayanin yadda jiki ke amsa barazana tun 1915. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa zuciya da ciki, ita ce birkin, kuma fitar da numfashi a hankali yana taka ta. Ya shaƙa yana ƙirga huɗu, ya fitar yana ƙirga shida. Wajen numfashi shida ke nan a minti ɗaya. Ka yi tare da shi, kada ka tsaya kana kallonsa.

Sau nawa zai yi?

Kullum, tun yana lafiya ƙalau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin rage damuwa da Jon Kabat-Zinn ya kafa a Jami'ar Massachusetts a 1979 mako takwas ake yinsa, da aikin gida kowace rana. Kai kuma kana neman sakamako a zama ɗaya.

Na sa shi ya rufe ido ya yi numfashi, sai ya ƙara rikicewa. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da wanda ke gabanka.

Ya taɓa faruwa da ni. Wata baiwar Allah na ce ta rufe ido ba tare da na nemi izininta ba. Ba a yi minti ɗaya ba na ga yatsunta sun damƙe hannun kujera, numfashinta ya koma sama-sama, gumi ya keto mata a goshi. Laifina ne. Akwai mutanen da mayar da hankali cikin jiki yake tayar musu da abin da suka daɗe da binnewa, musamman wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali.

Abin da na yi, kuma sau da yawa yana taimakawa, shi ne na juyo da ita waje. Na ce, "Hajiya, buɗe idonki, ki taka ƙasa da ƙafafunki sosai, ki faɗa mini abubuwa biyar da kike gani a ɗakin nan." Ta ce labule, ta ce biro, ta tsaya, na jira. Kafin ta kai na biyar yatsun sun saki kujerar. Firgici irin wannan yawanci yana kaiwa ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka. Amma yawanci na ce. Idan akwai ciwon ƙirji, ko suma, ko mutumin yana da ciwon zuciya ko asma, kada ka zauna kana hasashe, a nemi likita nan take.

Ko za ku ci gaba da zaman? Wani yana son a ci gaba don kada ya tafi da kunya, wani kuma gara a tsaya. Ka tambaye shi, ka bi abin da ya zaɓa, sai dai kada ka tona abin da ya taso. Ba a horar da kai don wannan ba. Idan abin yana dawowa, ko ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace, ba abin da ke masa daɗi, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, a ranar za a nemi taimako.

Kuma ɗan'uwa, kada wannan ya karya maka gwiwa. Miƙa mutum ga wanda ya fi ka sani yana cikin aikinka.

Ya yi shiru ya daɗe, in yi magana?

Ka bar shi.

Me ya sa kake nacewa sai mutum ya faɗi sunan abin da yake ji?

Don "ina cikin damuwa" buhu ne da aka cusa komai a ciki. Tsoro ne? Fushi? Kunya? Binciken Matthew Lieberman da abokan aikinsa a 2007 ya nuna cewa sa wa motsin rai suna yana rage zafin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Kada ka zaɓa masa kalmar.

Idan matsalar ta gaske ce fa, kamar aikin da ya fi ƙarfinsa?

To ta gaske ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta irin gajiyar nan mai cinye mutum da matsin wurin aiki da aka bari ya daɗe ba a magance ba. Ba na yarda a koya wa mutum numfashi don ya ci gaba da ɗaukar kayan mutum uku. In ya natsu, ku ɗauki takarda ku ware abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa, ya zaɓi magana ɗaya da zai yi wa shugabansa a makon nan, ku gwada ta tare kafin ya tashi.