Yadda za a shirya wa yara wasan guje-guje a cikin ɗaki ba tare da rauni ba

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya hau, zuciya ta ƙara bugu. Idan ruwan sama ko tsananin zafi ya hana fita waje, malamai da iyaye kan koma ga wasan guje-guje a babban ɗaki, inda ake raba yara gida biyu, 'yan wannan ɓangare su bi na wancan har su taɓa su. Wasa ne mai amfani ga jiki, amma mu ma'aikatan lafiya mun san abin da yakan biyo baya idan aka yi shi da ka: targaɗe, haɓo, fashewar leɓe, karayar hannu da buguwar kai. Yawancin waɗannan raunuka daga yanayin ɗakin da tsarin wasan suke fitowa, kuma babba ne ke da ikon gyara su tun yara ba su fara gudu ba.

A fitar da kujeru da tebura gaba ɗaya, a naɗe wayoyin lantarki da duk shimfiɗar da ke zamewa, a goge danshin ƙasa, a buɗe tagogi domin iska ta shiga. Yaron da ke sanye da safa kaɗai a kan tayil ba zai iya tsayawa lokacin da ya so ba, saboda haka ko dai a sa takalmi mai tafin roba, ko a yi wasan ba safa idan ƙasar tana da tsabta.

Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce bango ne wurin tsira. Yaron da ake bi zai nufi bangon da iyakar gudunsa, ya miƙa hannuwa biyu ya tare shi, kuma nauyin jikinsa duka ya sauka a kan wuyan hannu, wanda yana cikin wuraren da yara suka fi karyewa. Abin da ya dace shi ne a ja layi da alli ko tef a ƙasa, kamar mita biyu daga bango, a ce nan ne iyaka, domin mai gudu ya sami tazarar da zai rage sauri. Haka nan kada a bar wanda aka taɓa ya tsaya cak a tsakiyar fili yana jiran a cece shi, domin mai gudu baya yake waiwaye, ba ya ganin abin da ke gabansa, kuma ta haka ne kawuna ke haɗuwa. A ware wa waɗanda aka kama wuri a gefe, su dawo cikin wasan idan zagaye ya ƙare.

Wajen rabon rukuni, a duba girman jiki kafin a duba abota. Ɗan shekara 12 da ɗan shekara 6 ba sa'o'in gudu ba ne, kuma idan suka yi karo ƙaramin ne ke kwana a ciki. Idan yaran sun yi wa ɗakin yawa, a yi wasan bi da bi, kowane zagaye minti uku ko huɗu, waɗanda suka fita su huta su sha ruwa. Taɓawa kuwa a kafaɗa ko a baya take, da tafin hannu, ban da turi, ban da jan riga. A ganina ya fi aminci a soke wa kowane yaro ƙyalle a ƙugu, mai binsa ya zare, muddin ba a ɗaura komai a wuya ba.

Dole a sami babba guda da aikinsa kallo ne kawai, da usur a hannu, yara kuma su san cewa da zarar sun ji ƙararsa kowa ya tsaya. Shi ne zai tambayi iyaye tun da wuri ko akwai mai ciwon asma, a ajiye masa maganinsa na shaƙa a kusa.

Idan haɓo ya zo, a zaunar da yaron ya ɗan sunkuya gaba, a matse wuri mai taushi na hancinsa tsawon minti 10. Kada a ɗaga kansa baya, domin jinin zai bi ta maƙogwaro. Ga targaɗe, a hutar da gaɓar, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20, kuma a guji murzawa da ja, musamman idan yaron ya kasa takawa. Yaron da ya bugu a kai ya gama wasa na wannan rana ko da ya ce lafiya lau yake, kuma idan ya suma, ko ya yi ta amai, ko ya rikice, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko ciwon kan yana ƙaruwa, a garzaya da shi asibiti nan take.