Idan Korona Ta Sake Kunno Kai: Me Dokar Killacewa Ta Ce?

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu da ke Nyanya, a gefen Abuja, bayan sallar isha'i, wani dattijo da muke kira Baba ya rage ƙarar rediyonsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, idan cutar nan ta sake dawowa, gwamnati na da ikon sake kulle mu a gida?" Na ce, "Baba, tana da shi, kuma ikon ya girme ku." Dokar da aka kulle mu da ita a 2020 tun 1926 Turawan mulkin mallaka suka kafa ta, har gobe kuma tana cikin kundin dokokin tarayya.

Sunanta Dokar Killacewa, kuma sashe takwas ne kacal a cikinta. Ta lissafa cututtuka biyar masu haɗari: kwalara, annobar ɓeraye, shawara, agana da zazzaɓin taifus. Sai ta ba Shugaban Ƙasa dama ya ƙara duk wata cuta mai yaɗuwa a cikin jerin ta hanyar sanarwa, ya ayyana wani wuri a matsayin yankin da cuta ta kama, sannan ya kafa ƙa'idojin hana ta fita daga nan ko shigowa daga waje. Sashe na 8 ya ce idan Shugaban Ƙasa bai yi ba, gwamna na iya yi a jiharsa. Tsarin mulkin 1999 ya mara mata baya: sashe na 35 ya yarda a tsare mai cuta mai yaɗuwa domin jinyarsa ko kare jama'a, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin zirga-zirga da na taro saboda lafiyar al'umma.

Duk wanda ya karanta dokar zai ji ƙanshin tashar jiragen ruwa. Tana maganar wurin da jirgi zai tsaya a duba shi, da tashoshin tsabta. Tunaninta shi ne a ja layi a kewaye wuri, a tsare ƙofa. Wannan dabara ta fi dacewa da tsibiri. Kiribati, ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Fasifik, ta rufe iyakarta a Maris 2020, ta yi kusan shekara biyu cutar ba ta shiga cikin jama'arta ba. A Janairun 2022 jirgin sama ya sauka daga Fiji da fasinja 54, aka samu 36 na ɗauke da cutar, ba a jima ba aka sa dokar kulle a karon farko. To, idan mutanen da teku ya kewaye ba su tsira ba, ina ga mu? Abuja ba ta da ƙofa ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a gadar Nyanya da asuba ya ga yadda mutanen Mararaba da Masaka ke kwararowa, ya san birnin nan a Nasarawa yake kwana. Haka ta ɓangaren Zuba, mutanen Madalla da Suleja daga Neja suke shigowa kullum.

Duk da haka layin aka fara ja. An samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ranar 30 ga Maris da ƙarfe 11 na dare dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas, aka haɗa da Ogun, bisa ƙa'idojin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarƙashin wannan tsohuwar doka. An ce kwana 14, aka ƙara, sai 4 ga Mayu aka sassauta, aka koma dokar hana fitar dare daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe. Azumin shekarar ya same mu a haka, babu tarawihi a masallaci, babu tafsiri.

Da cutar ta dawo karo na biyu a Disambar 2020, gwamnati ba ta sake kulle garin ba. Ranar 26 ga Janairu, 2021 Buhari ya sa hannu a kan sababbin ƙa'idojin kare lafiya, waɗanda suka bar maganar wuri suka koma kan halin mutum. Sun ce a bar tazarar mita 2 tsakanin mutane a taro. Kada a tara fiye da mutum 50 a rufaffen wuri, sai masallaci da coci, su kuma kada su wuce rabin abin da ginin ke ɗauka. Babu shiga kasuwa, banki, makaranta, wurin ibada ko motar haya sai da takunkumin fuska, da wanke hannu, da auna zafin jiki. Wanda zafinsa ya haura digiri 38 a mayar da shi ya nemi likita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, an ɗora wa mai wurin nauyin tabbatar da hakan. Shugaban kasuwa, manajan banki, shugaban makaranta, duk doka na iya kama su idan suka yi sakaci. Shi ya sa a farkon Fabrairun 2021 kotun tafi-da-gidanka ta ba da umarnin rufe Kasuwar Wuse na ɗan lokaci. A ƙofar masallacinmu aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu, wani matashi na tsaye da na'urar auna zafi yana ɗora wa kowa a goshi, tsofaffi na kauce masa saboda ta yi kama da bindiga.

Hukuncin yana sashe na 5 na Dokar Killacewa: tarar naira 200, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, a gaban majistare. Naira 200 yau ko kuɗin mota daga Nyanya zuwa Area 1 ba ta kai ba, amma wata shida a gidan yari har yanzu wata shida ne, kuma shi ne abin tsoro ga talaka. Lura kuma, alƙali ne kawai ke yanke hukunci. Babu inda dokar ta ba ɗan sanda ko soja ikon bulala, tsallen kwaɗo ko karɓar kuɗi a shinge. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai.

Babban giɓin dokar a wurina shi ne shirun da ta yi a kan wanda aka kulle. Ta faɗi abin da gwamnati za ta hana, ba ta faɗi abin da ya wajaba a kanta ba. Babu maganar abinci, babu diyyar mai shagon da aka rufe, babu iyakar kwanakin da za a kulle gari kafin a koma gaban majalisa. Maƙwabcina mai keke-napep, da ya yi mako uku bai fita ba, buhun masarar da ya ajiye don shuka ya kai injin niƙa. Tallafin da aka raba a lokacin kyauta ce ta gwamnati, ba haƙƙin da zai iya nema a kotu ba.

An yi yunƙurin sauya ta. A Afrilun 2020 Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kawo ƙudirin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Jama'a suka yi ca, ana cewa an kwafo shi daga dokar Singapore, kuma ya ba shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, iko fiye da kima. Wannan majalisa ta ƙare bai zama doka ba.

A Disambar 2022 gwamnati ta sassauta ƙa'idojin takunkumi da gwajin matafiya, sannan ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa na duniya. Ba ta ce cutar ta tafi ba. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "To idan ta dawo, sai an sake zuwa majalisa kafin a kulle mu?" Na ce, "A'a, Baba. Sanarwa ce da sa hannun Shugaban Ƙasa." Ya yi shiru, ya ƙara ƙarar rediyonsa.