Mene Ne Gadin Jarabawa Daga Nesa?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jarabawa ya san mai gadi. Yana kai da komo tsakanin kujeru, daga bakin ƙofa ma sai ya hango takardar da aka cusa a hannun riga. To idan jarabawar ta koma intanet, ɗalibi yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa, wa zai hana shi satar amsa? Dabarar da makarantu suka kama ita ce gadin jarabawa daga nesa: a ɗora wa manhaja aikin sa ido, ta hanyar kyamara da makirfon kwamfutar ɗalibin kansa.

Kafin a buɗe maka tambayoyi, sai ka nuna wa kyamara katin shaidarka, a gwada hoton da fuskarka. Wasu har su ce ka ɗaga kwamfutar ka zagaya ɗakin da ita, ka leƙa ƙarƙashin tebur. Sannan a kulle maka burauza, ba damar buɗe wani shafi ko kwafo wani rubutu, aikin da manhajar Respondus LockDown Browser ta yi suna a kai. Daga nan ana naɗar fuskarka da muryarka da duk abin da ya bayyana a allonka. Wani tsarin mutum ne ke kallonka kai tsaye, kamar yadda aka san kamfanin ProctorU. Wani kuma, irin na Proctorio, manhaja ce ke naɗa, malami ya duba daga baya.

Tsarin ya girmi annobar korona, amma a 2020 kasuwarsa ta buɗe. A shekarar ce ETS, hukumar shirya jarabawa ta Amurka, ta fara barin mutane su rubuta TOEFL (jarabawar gwada iya Turanci) da GRE (jarabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko) daga gida.

Abin da nake so a fahimta shi ne, manhajar ba ta san maguɗi ba, motsi kawai take gani. Ido ya kauce daga allo, fuska ta fita daga hoto, an ji murya ta biyu, sai ta sa alama a wannan mintin. A wajenta, yarinyar da ke motsa leɓe tana karanta tambaya, da ɗalibin da ƙaninsa ya banko masa ƙofa, da mai leƙen waya a kan cinya, duk kanwar ja ce. A Oktoban 2020, a jarabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka yi da manhajar ExamSoft, an sa alama a kan mutum sama da 3,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka rubuta. Da aka bi bidiyoyin, an wanke mafi yawansu. Amma a tuna irin zullumin da suka kwana da shi kafin nan.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne koken ɗalibai baƙar fata, cewa wasu manhajojin ba sa ganin fuskarsu sai sun dallare ta da fitila har a gama jarabawa. Ga kuma batun sirri. A Agustan 2022 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Ohayo ya yanke cewa Jami'ar Cleveland State ta keta haƙƙin wani ɗalibi da ta sa ya nuna ɗakin kwanansa kafin jarabawa.

Ba na goyon bayan a saki jarabawa ba tsaro. Satar amsa zalunci ce ga wanda ya hana idonsa barci ya yi karatu. Sai dai alamar manhaja zargi ce kawai, dole malami ya zauna ya kalli bidiyon, ya kuma ji ta bakin ɗalibin kafin ya yanke hukunci. Kai kuma ɗalibi, kafin ka danna maɓallin amincewa, ka tambayi makarantarku: wa zai kalli bidiyon ɗakinka, tsawon wane lokaci za a ajiye shi, kuma wurin wa za ka kai kuka idan aka sa maka alama.