Dokar shara a Saudiyya da ƙananan ƙungiyoyin tsaftace unguwa

A tsofaffin unguwannin Makka inda Hausawa suke da yawa, kamar kewayen titin Mansur da Hindawiyya, akwai lungunan da motar kwashe shara ba ta iya shiga, don haka matasa da dattawa kan haɗa kuɗi su sayi buhuna da tsintsiyoyi su fitar da sharar zuwa bakin titi. Aikin lada ne, amma akwai dokoki biyu da suka shafe shi.

Ta farko ita ce dokar sarrafa shara wadda aka zartar a shekarar 2021, daidai da 1443 bayan Hijira, kuma cibiyar kula da shara ta ƙasa, wadda ake kira Mawan, ita ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta ce duk wanda zai yi harkar tara shara, ko jigilarta, ko tantance ta, ko sake sarrafa ta, sai ya sami lasisi daga cibiyar. Abin da ya fi shafar mutanenmu kuwa shi ne batun mallaka: da zarar an zuba shara a cikin kwandon da aka tanada, ko aka ajiye ta kusa da shi, ta zama mallakar gwamnati. Ke nan gwangwanin lemo da kwalayen da wata dattijuwa take tsintowa daga kwandon baladiyya, wato hukumar gari, bayan sallar asuba, tana ɗaure su a kan tsohon keken jarirai, a idon doka ba kayan da aka yasar ba ne. Wannan yana da nauyi a zuciyata, domin da abin da ta sayar ake ɗora tukunya a wasu gidajen. Duk da haka, ƙungiyar da ta yi niyyar sayar da irin waɗannan kaya don ta sami kuɗin aiki ta sani cewa kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin lasisi.

Hukunci mafi tsanani, wato ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ko tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 30, an tanade shi ne ga wanda ya ƙona shara ko ya zubar da ita ta hanyar da za ta cutar da lafiyar jama'a ko muhalli. Saboda haka a daina cinna wa juji wuta a lungu.

Doka ta biyu ita ce ta ƙungiyoyin sa-kai ta shekarar 2015, wadda ta buƙaci aƙalla 'yan ƙasa 10 kafin a yi wa ƙungiya rajista, kuma tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne. Mai iƙama, wato baƙon da yake da takardar izinin zama, ba zai kafa ƙungiya da kansa ba, sai dai ya yi aikin sa-kai a ƙarƙashin wadda take da rajista, kuma cikin Hausawan da suke da takardar zama ɗan ƙasa ba za a rasa goma ba. Idan shara ta taru a lungu, lambar kai ƙorafi ga baladiyya ita ce 940.