Kiran bidiyo ba ya raba ka da tarko

An daɗe ana cewa a manhajojin haɗuwar maza masu neman maza, irin su Grindr, da zarar mutum ya yarda da kiran bidiyo to shi ke nan, na gaskiya ne. Kiran yana tona asirin mai satar hoton wani, amma iyakarsa ke nan.

A Najeriya akwai abin da ake kira "kito". Mai yaudarar da fuskarsa ta gaskiya yake zuwa, ya ja mutum zuwa wani ɗaki inda abokansa ke jira, a lakaɗa masa duka, a ɗauki bidiyo, a yi ta tatsar kuɗi. Sun san dokar 2014 da ta haramta aure da nuna soyayya tsakanin jinsi ɗaya ta sa wanda aka cuta yana tsoron kai ƙara. A Masar kuwa, a 2023 Grindr da kanta ta gargaɗi masu amfani da ita cewa 'yan sanda na amfani da asusun manhajar na mutanen da suka kama domin kama wasu.

Halin wanda kake hira da shi za ka duba: gaggawar haɗuwa, nacin sai dai a gidansa, tambayar inda kake aiki, neman hotunan tsiraici da fuskarka a ciki. Haɗuwar farko a bainar jama'a, da rana, kuma wani amintacce ya san inda kake.