Tallafin Talaka da Canjin Yanayi a Damagaram: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Me ya haɗa tallafi da canjin yanayi?

Fari da ambaliya ba sa cin kowa daidai. Mai rumbu biyu jira yake yi. Mai akuya uku sayarwa yake yi, a watan da farashin dabba ya faɗi, na hatsi ya hau. Baɗi ya shiga damina ba iri, ba dabba. Shirin da bai tare wannan sayarwar ba, bai yi komai ba.

Yaushe ya kamata taimako ya zo?

Kafin yunwa. Tun girbi, a Oktoba da Nuwamba, an san garuruwan da gona ba ta yi ba. Wanda ya jira Yuni ko Yuli ya makara, kuma yunwar 2005 da ta 2010 sun isa darasi.

Kuɗi ko hatsi?

A dubi kasuwa. In akwai hatsi a cikinta, a ba da kuɗi. Shirin tallafin da Nijar ta soma a 2011 da Bankin Duniya da jaka goma ya fara, duk wata, akasari a hannun mata. In kasuwa ta bushe, kuɗi farashi kawai za su ƙara, sai a fito da hatsin OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a sayar da rahusa.

Ba ya sa mutane lalaci?

Haba jama'a! Jaka goma a gidan mutum takwas? Wa zai ajiye hauya saboda ita? Ku daina wannan magana.

A aikin gina-ka-ci, inda ake biyan talaka ya haƙa ƙasa, in an raya fako, na wa zai zama?

Nan ne wuyar take, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Aikin kansa sananne ne: rami mai siffar rabin wata don tare ruwa, mai faɗin mita 4, zurfin santimita 15 zuwa 25, kimanin 313 a hekta, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki. Ana yin sa da rani, a tsaya kafin shuka don kowa ya koma gonarsa. Sai dai fakon da ba mai kallonsa jiya, da ya yi kore masu shi za su bayyana. Talaka ya haƙa, ya karɓi ladan kwanaki, mai fili ya ci amfanin shekaru. An gyara ƙasa, an ƙara tazara tsakanin mai shi da maras shi.

Don haka a rubuta yarjejeniya kafin a sara ƙasa, gaban mai gari da hukumar filaye ta COFO, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. In filin na mutum ne, a faɗi shekarun aro. A ganina kada su gaza biyar, ko da yake wani mai filin zai ƙi, kuma tilasta shi na iya kashe aikin gaba ɗaya. In na gari ne, a ware kason mata da marasa gona da sunansu, in ba haka ba masu baki a fada ne za su raba. In wurin kiwo ne ko burtali, kada a mai da shi gona. A shuka ciyawa, a zauna da makiyaya tun farko, domin tsaron shekara biyu ko uku na farko ba ya yiwuwa sai da yardarsu. Ko an yi duk wannan rigima na iya tashi, amma mai takarda ya fi mai rantsuwa ƙarfi.

Tsofaffi, masu ciki da naƙasassu fa?

A ba su nasu ba tare da aiki ba. Kada a tura yaro ya haƙa a madadin kakarsa.

Dole sai an kawo dashe daga waje?

Ku kwantar da hankali, ba dole ba ne. Ku je Matamaye, Magariya da Mirriya ku ga gawon da manoma suka raya da sassabin zamani: a bar tohon da ya fito, a zaɓi masu ƙarfi, a sassabe sauran. Sharaɗin shi ne manomi ya tabbata iccen nasa ne.

Rage kuɗin gas bai wadatar ba, tunda matatar SORAZ na nan kusa?

Yana rage sarar icce a birni. Amma mai amfana shi ne wanda ya iya sayen tukunya da murhu. Matar ƙauye mai sayar da itace kuwa cinikinta ne zai ragu, sai a sa ta cikin lissafi tun ranar da ake tsara shirin.